Ruwa Ba Ya Jin Birki

Kullum da safe, kafin in tayar da mota, sai na hau saman tanka na buɗe murfi na zura kai ciki da tocila. Ku kuma samarin da ke bin layi a bakin bohol ɗin Wambai, nan kuke samun abin dariyar karin kumallo. Wannan ya ce Baba Kunkuru kifi yake nema, wancan ya ce a'a, aljanunsa yake gaisarwa. Ina jin ku sarai, murfin tanka ba ya toshe kunne. Ku yi ta yi, Allah ya ƙara haƙora. Sunana Audu, amma a Suleja in ka ce Audu direba sai an tambaye ka wanne, in ka ce Kunkuru kuwa ko mai sayar da rake zai nuna maka motata. Na haura shekara talatin ina jan tankar ruwa, kuma ban tuna ranar da na riga wani isa wani wuri ba.

Na san yadda kuke kallon aikin nan. Tuƙi ai tuƙi ne, sitiyari a hannu, ƙafa a totur, waya a kunne. Ɗayanku ya yi sati biyu yana zagaya filin ƙwallo, ya samo lasisi ta hannun wani da ya san wani, shi ke nan ya zama direba, har ya fara koya wa wasu. Akwai ma wanda ya ce mini shi a cikin wayarsa yake tuƙa tirela, ya kai mataki na arba'in bai taɓa faɗuwa ba. Madalla da gwani. To ku matso in ba ku labarin wanda ya fi ku duka iya mota, ƙanina Hamisu, uwa ɗaya uba ɗaya, da yadda aka yi ni da wannan bakin nawa na kasa hana shi hawa wata tanka. Sai dai dole in fara da wanda ya koya mini aiki, in ba haka ba ba za ku gane abin da nake leƙawa ba.

Oga Bitrus ne ya koya mini, mutumin kudancin Kaduna, tsohon direban gwamnati da ya koma jan ruwa lokacin da Abuja ke shan siminti ba dare ba rana. Shekara huɗu na yi a hannunsa. A shekarar farko ban taɓa sitiyari ba sai da tsumma. Aikina in sa weji a bayan taya in mun tsaya, in ja tiyo, in nannaɗe tiyo, in sha zagi. Ni ma a lokacin haka nake gani kamar ku, cewa tsohon nan tauye ni yake yi, don na san in aka ba ni makulli zan kai motar nan ko'ina cikin rabin lokacin da yake ɓatawa.

Wata rana mun dawo daga kai ruwa wani gini, sai ya tsaya a bakin rafi ta bayan Iku, inda matan Gbagyi ke ɗiban ruwa. Ya ce in sauko in buɗe ido. Wata dattijuwa ta cika daronta, ta tsinko ganye ta baza a kan ruwan, ta ɗora a kafaɗa yadda suka saba, ta kama hanya ko ɗigo bai zuba ba. Oga ya aro wani daro, ya zuba ruwa rabi kawai, ba ganye, ya ɗora mini a ka.

Ya ce, "Oya, tafi wajen bishiyan can da sauri. In na ce tsaya, ka tsaya."

Na ce a raina wannan ai wasan yara ne, rabin daro ma. Na ɗiba da sauri. Da ya daka tsawa na ja ƙafa na tsaya cak, sai ruwan ya taho gaba ɗaya ya ja daron, daron ya ja wuyana, na tafi da fuska cikin laka. Matan nan suka yi dariya har ɗaya ta zauna a ƙasa.

Oga ya tsaya a kaina ya ce, "Kai ka ji na ce tsaya, ka tsaya. To shi ruwa wa ya gaya mishi?"

Daga nan ya hau da ni saman motar, ina ɗigar laka, ya buɗe murfi ya ce in leƙa. Ashe cikin tanka ba fili ɗaya ba ne. Akwai katangun ƙarfe a tsaye, masu huji-huji, da suka raba ta ɗaki-ɗaki. Mu fatishan muke ce musu. Ya ce wannan shi ne ganyen tanka. In ka taka birki, taya ce take jin umarninka, ita ce ta san ka. Ruwan da ke bayanka bai san ka ba, tafiyar da yake yi zai ci gaba da yi har sai ya samu abin da zai daka. In akwai fatishan, kowane ɗaki zai daki katangarsa kaɗan-kaɗan. In babu, duk ruwan zai taru ya zo maka lokaci ɗaya. Kuma cikakkiyar tanka ta fi sauƙi, don ruwan ba shi da wurin gudu. Rabi ita ce masifa.

Haka yake koyarwa, ba ya gaya maka abu sai ya sa jikinka ya gaya maka. Ranar da ya fara ba ni makulli, wata Lahadi ce bayan ya taso daga coci. Ya kai ni wata hanyar burji da ba kowa, ya ajiye dutse a gefe, ya ce in zo a kan ashirin in taka birki daidai dutsen. Na yi, muka auna da taku. Ya ce in koma in zo a kan arba'in. Ni da lissafina na firamare na ce gudu ya ninka biyu, to fili ma ninki biyu. Da motar ta tsaya muka auna, sai ga kusan ninki huɗu, dutsen yana can baya kamar ba da shi aka yi ba. Tun ranar nake mamakin masu manne wa gindin tirela a kan babban titi suna danna mata hon. Wataƙila motocinsu da lissafin wata duniya aka ƙera su.

Gangara ma haka. Dokarsa ita ce giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Amma ku masu basira kun gano dabarar da Turawan da suka ƙera motar ba su gano ba, ku sa ta a firi ku sake ta ta gangara, wai kuna tattalin gas. Inji yana barci, kuna ta dannan birki, iska tana ƙarewa a tukunya, birkin yana zafi har ya fara wari. Kafin ku kai ƙasa sai ku taka ku ji fayau. A nan ne mutum yake tuna yana da Ubangiji, ya fara salati da ƙarfi, ga gas ɗinsa nan kuwa cikakke a tanki ba abin da ya taɓa shi. Kwana kuwa, Oga ya ce duk birkin da za ka taka ka gama taka shi kafin ka karya sitiyari. Motar da kayanta ke sama, in ka haɗa mata birki da kwana a lokaci ɗaya, kwanciya za ta yi.

Sai masu sayen ruwa, Allah ya bar mu da su. Mai gida ya gina ɗaki goma sha biyu a Iku, ya sa tayil, ya sa fenti, ya manta mutane suna wanka. Ya zuba ma'aikatan Abuja a ciki, malamar makaranta daga Filato, akawu daga Katsina, kowa da ofishin da zai isa ƙarfe takwas. Tun asuba waya take kuka, "Direba kana ina? Tun jiya fa!" Kai kana layi na tara a bohol, shi yana ganin ka tsaya shan shayi ne. Kuma yawancin gidajen nan ba su da wurin da zai ɗauki tanka guda, don haka al'adar garin nan ita ce gida biyu su raba. Ka sauke rabi a nan, ka kai rabi can, wani lokaci can ɗin yana wata unguwa. Na biyun kuwa shi ne mai fushi. "Haba direba, ai ka rage kaya, mota ta yi sauƙi, ka taka mana!" Na sha jin wannan. Shi a ganinsa na sauke rabin nauyi, ni kuwa na san daron nan ne aka sake ɗora mini a ka.

Yanzu ga shekarar da nake son ba ku labarinta. Oga Bitrus ya riga ya koma garinsu ya huta. Zafi ya yi tsanani, rijiyoyi suka ƙafe tun kafin lokacinsu, ruwa ya zama abin nema. Duk wanda ya tara ɗan abin hannu sai ya ga ai ba sana'ar da ta kai tanka. Cikinsu akwai Alhaji Kabiru, Bakano, yana aikin ofis a Abuja yana haya a nan Suleja. Mutum ne mai kirki da fara'a, sai dai saninsa da babbar mota bai wuce ya ga ta wuce ba. Ya sayo wata tsohuwar tanka, ya nemi direban da ba ya ɓarna, aka nuna masa ni.

Satin farko masu saye suka fara ƙorafi ruwan yana zuwa ja. Na ce masa tsatsa ce, a kai wa mai walda ya duba. Aka kai, ni kuma na tafi ƙauye gaisuwar rasuwa kwana uku. Da na dawo na tarar da motar an yi mata sabon fenti, har an rubuta addu'a a goshinta. Alhaji yana ta murmushi. Ya ce mai walda ya shiga ya ga wasu ƙarafa a ciki duk sun ruɓe, ya ce a canza su, shi kuma ya yi tunani ya ga ba su da wani aiki sai cin wurin ruwa da tara datti. Ya sa an yanke su duka, 'yan gwangwan sun kwashe. Na hau na leƙa. Fili fetal daga gaba har baya, kamar ɗakin da ɗan haya ya kwashe kayansa.

Na ce, "Alhaji, ka cire wa motar nan haƙarƙari."

Ya ce, "Malam Audu, ai yanzu ta fi ɗauka, ta fi sauƙin wankewa. Kowa ya ce dabara ce."

"Kowa ɗin nan, akwai mai tuƙa tanka a cikinsu?"

Duk da haka na gwada ta, don kada a ce na yanke hukunci ban ji shaida ba. A cike ta tafi lafiya lau. Na sauke rabi a wani gida, na juyo a hankali, tafiyar da ko mai kura zai iya wuce ni. Da na zo ƙofar gida na biyu na taka birki, motar ta tsaya. Ban gama sauke numfashi ba na ji dum a bayana, ta sake yin gaba da kanta taku biyu, ƙafata tana kan birki, saura kaɗan in shiga falon mutane ba sallama. Na kai ta gidan Alhaji na miƙa masa makulli. Na ce ko a mayar da fatishan, ko ya nemi wani. Ya ce lokacin ciniki ne, ba zai ajiye mota sati guda a wurin walda ba, bayan damina ta sauka za a duba. Ya ƙara da cewa dama an gaya masa ina da tsoro. Na ce ba a yi masa ƙarya ba.

Hamisu kuwa direban bas ne tsakanin Suleja da Abuja, kuma ba don ƙanina ba ne, ban ga hannu irin nasa ba. Jirgi ake ce masa a tasha. Yakan yi sawu uku kafin wasu su gama biyu, yana shiga tsakanin mota da mota kamar zare a allura, shekara goma sha biyu bai taɓa goge fentin kowa ba. A shekarar nan injin bas ɗinsa ya buga, ya yi wata biyu a zaune, ga mata ga 'ya'ya huɗu. Ban san wanda ya haɗa shi da Alhaji ba. Na dai ga shi wata rana ya shigo rumfar Maman Ladi a Gauraka, inda direbobi da makanikai muke cin abincin rana, yana kaɗa makullin da na sani a ɗan yatsa.

Ya zauna kusa da ni ya ce, "Yaya, motar da ta gagare ka ce aka ba ni."

Rumfar a cike take, kowa ya juyo. A nan ne ya kamata in aje cokali in kama hannunsa mu fita waje, in gaya masa abin da na gani a cikin tankar nan, ɗaya bayan ɗaya, yadda zai gane. Amma ni Audu ne, ga jama'a, ga kuma ƙanina ya taɓa ni a gabansu.

Na ce, "Kai, barka! Jirgin sama ya zama jirgin ruwa. Ka dai iya iyo ko?"

Aka fashe da dariya. Na ji daɗin dariyar, na ƙara.

"Motar taka ba ta da ganye fa. In za ka fita ka bi ta gindin mangwaro ka tsinko ka zuba mata. Ko ka je bakin rafi matan Iku su ba ka darasi, ba sa karɓar ko sisi."

Maman Ladi tana zuba miya tana cewa, "Baba Kunkuru, dis yo maut, wannan bakin naka, Allah ya shirye ka. Ka bar ɗan'uwanka ya ci abinci mana."

Hamisu ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Ya ce, "Yaya, kai komai sai ka ce yana da wuya don a ce ka iya. Ni da nake ɗaukar mutum goma sha takwas masu rai, masu surutu, ruwa ne zai gagare ni? Ruwa fa, Yaya."

Na ce, "Su goma sha takwas ɗin kowa da kujerarsa, ranka ya daɗe."

Aka sake dariya. Ya tashi bai gama cin abincin ba. Duk abin da ya kamata ya sani na faɗa a rumfar nan, ba wanda zai ce na ɓoye. Sai dai na faɗe shi yadda ba mai zuciya da zai ɗauka. Shi ya tafi da cewa haushi nake ji an ba shi abin da ya gagare ni. Ni kuma na ce a raina bari motar ta koya masa, za ta tura shi sau ɗaya a ƙofar wani gida ya tsorata, ya zo da kansa ya tambaya. Na kuma yi niyyar ranar Juma'a in an sauko daga masallaci in bi ta gidansa, ko da daro ne in ɗora masa a ka. Juma'ar ta zo, na ce ai babba ba ya bin ƙarami. Ta biyu ma ta zo ta wuce.

Abin da ya ƙara lalata lamarin shi ne motar ba ta tsorata shi ba. Duk kwanakin nan wani gidan bulo yake kai wa ruwa, a cike zai tafi, ya juye duka, ya dawo wayam. Cikakkiya ba ta motsi, wayam ba abin da zai motsa. Ya riƙa wuce ni a hanya yana danna hon yana ɗaga mini hannu, sawu shida yake yi ina huɗu da motar da na samu a wani wuri. Alhaji yana gaya wa mutane ashe direba ne matsalar.

Ranar da abin ya faru ina rumfar Maman Ladi, wajen ƙarfe biyu, rana tana dukan kwano. Daga baya na ji cewa ya sauke rabi a Iku, mai ɗaya rabin a Gauraka yana ta kiransa a waya. Shi kuma direban bas, abin da jikinsa ya sani shekara goma sha biyu shi ne in fasinja sun ragu mota ta yi sauƙi, sai a taka. Tun daga nesa na gane kukan injin, na kuma gane giyar da yake ciki ba ta wurin ba ce. Na miƙe da cokali a hannu.

Ya saki babban titi ya karyo dama zai shiga gari, bai rage ba sai da ya shiga kwanar. Daidai nan wani Keke mai ƙafa uku cike da mata ya fito daga bayan wata tirela da ke tsaye. Na rantse muku abin da Hamisu ya yi da sitiyari a wurin ni ba zan iya ba. Ya taka birki, ya ƙara karyawa, ya zare kan motar daga jikin Keken da tazarar da ba ta kai tafin hannu ba. Matan nan ko ƙwarzane ba su samu ba. Motar ta kusa tsayawa ma, har wani a rumfar ya fara tafi. Ni kaɗai na san saura. Na ji dum ɗin nan tun daga inda nake. Ruwan ya iso, ya daki gaba ya hau gefen hagu, tayoyin dama suka rabu da ƙasa a hankali, kamar motar tana shawara. Sannan ta kwanta ta ɓangaren direba.

Makanikan Gauraka, Allah ya saka musu, su suka yi aikin. Jak uku aka sa da sarƙa, aka yanka ƙofa, ya fi awa ɗaya kafin a zaro shi, ƙafarsa ta dama tana matse a ƙarƙashin sitiyari. Ruwa yana ta kwarara daga murfi, wasu har sun kawo bokiti, ai shekarar ba a barin ruwa ya tafi a banza. Alhaji ya iso daga ofis da rigar aiki, ya yi salati, ya zagaya motar, abin da ya fara tambaya shi ne ko tankar ta fashe. Ya yi ɗawainiyar asibiti daga baya, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma har yau in an tambaye shi cewa yake tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa.

An yanke ƙafar daga saman gwiwa. Kwana biyu bai san wanda ke kansa ba. A na uku da hantsi ya buɗe ido ya gan ni zaune. Na yi zaton zai zage ni, ko ya juya mini baya, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya tambaya ko matan Keken sun tsira, na ce sun tsira.

Ya ce, "Yaya, maganar ganyen nan, ashe da gaske kake?"

Na ce, "Da gaske nake."

Ya ce, "Wallahi na ɗauka zolaya ce. Ai kullum haka kake mini."

Kunya da baƙin cikin da na ji a kujerar nan ba su sake ni ba har yau. Oga Bitrus ya jefa ni a laka don in gane, ya ɓata rabin yininsa a kaina, ni ɗan wani. Ni kuwa ƙanina na ba wa minti biyu, su ma na kashe su wajen neman dariyar mutane.

Saboda haka ku saurara, zan faɗa sau ɗaya ba da wasa ba, daga nan ku koma kiran Kunkuru. Kada ɗayanku ya karɓi makullin tanka bai leƙa cikinta da idonsa ba. In babu fatishan, ya ajiye makullin, ko mai motar ubansa ne. In kun sauke rabi, ku tafi a hankali fiye da yadda kuka zo, mai waya ya yi ta kira. Ku gama birki kafin kwana. In kuma kuka ga wani zai hau abin da zai kashe shi, ku ja shi gefe ku gaya masa da fuskar da ba dariya a cikinta. Tawa tankar na san fatishan ɗinta suna nan, jiya ma suna nan, walda ce mai kyau. Ina leƙawa ne duk da haka, kuma zan leƙa gobe.

Hamisu yanzu yana da ɗan shagon baƙin mai da kayan gyara a Gauraka, kusa da rumfar Maman Ladi. Ni nake ɗaukarsa kullum a sawun farko, in ɗaga shi ya hau, in miƙa masa sandunansa. Muna tafe yana tsokanata, wai ko da ƙafa ɗaya zai riga ni isa. Ina ramawa daidai gwargwado, don in na yi shiru ya fi jin ciwo. Amma in muka doso kwanar nan hira takan mutu. Ni na riga na sauke giya tun daga nesa, na gama birkina, motar tana rarrafe. Duk da haka in na saci kallonsa sai in ga ya dafe gaban mota da hannu biyu, dungun cinyarsa yana motsi a cikin wando, yana dannawa ƙasa, yana dannawa. Birki yake takawa.